Gidan Mai Mangwaro da Kwanon Surukata

Na yi yawo a duniya daidai gwargwado. Tafinta ne aikina, ina tsayawa tsakanin fataken da ke son su ci ribar juna amma ba sa jin yaren juna. Na zauna a Kumasi, na zauna a Garwa, na yi shekaru a Hartum, na ƙare a Jidda. Da Larabci da Faransanci da Turanci da Fulatanci na ci abinci, kuma a kowanne na iya tambayar yaushe za a gama. A Jidda na ga an sayar da bene tsakanin azahar da la'asar, mai saye da mai sayarwa ba wanda ya tambayi lafiyar iyalin wani. A Garwa na ga takardar fili ta daɗe a ofis har ta yi ja, amma can aƙalla ka san teburin da take kai, kana iya zuwa ka kalle ta. Saboda haka da gemuna ya yi fari na dawo gida, na ɗauka babu irin jiran da ban sani ba.

Ni mutumin Bebeji ne, sai dai gidan mahaifinmu ya cika da 'ya'yan 'yan'uwa da jikokinsu, ko inda zan rataya hula babu. Matata 'yar Kiru ce. Ta bi ni ƙasashe ba ta taɓa ƙorafi ba, sai yanzu ta ce tana son ta tsufa a inda za ta riƙa jiyo tarin mahaifiyarta. Muka kama haya a Kano, na sa dillali cigiyar gida a Kiru.

Dillalin nan mutum ne mai fara'a. Kullum cikin sauri yake, kuma kullum a gindin darbejiya ɗaya za ka same shi. Ya kai ni wani gida mai zaure da shago da rijiya, da bishiyar mangwaro a tsakar gida wadda inuwarta ta rufe rabin filin. Mai gidan ya rasu, babban ɗansa ne a ciki da iyalinsa, shi ma ya gina nasa a bakin gari yana shirin tashi. Muka zauna a zauren da shaidu. Babban ɗan ya miƙo hannu ya ce ya sallama, na ce na saya, na ba da kafin alƙalami, aka shafa fatiha, aka raba goro. Na tambayi dillali yaushe zan karɓi mukulli.

"Alhaji, nan da Juma'a," in ji shi.

Ni da na fassara wannan irin alkawari a harsuna huɗu, sai na yarda da shi a harshen uwata. Na koma Kano na sallami mai gidan haya, na ɗauko mota ta kwashe gadaje da tukwane da littattafai, muka iso Kiru ranar Alhamis da hantsi. Dillali ya tare mu a gindin darbejiyarsa, ya yi mana barka da zuwa sosai, sannan ya ce akwai ɗan abin da ya rage, ba wani abu ba ne. Matata ta ce to mu sauka a gidansu kwana biyu.

Gidansu kuwa gidan surukata ne, wadda ake kira Inna. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ita ce mai gida. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi rauni, amma kunnenta yana jin faɗuwar allura a maƙwabta. Tun da na auri 'yarta ban taɓa zama inda take ba sai durƙuso na gaisuwa, kaina a ƙasa, in tashi in fita. Ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai ta ce "mutumin nan". Ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba, balle tuwo. In na kawo ziyara aka aiko mini da kwano, sai in gutsuri gefe don kada a ce na raina, in rufe, a mayar. Haka muka taso muka gani, haka ta san suruki na kirki yake yi, kuma ta sha yabona a kan haka.

Wannan ladabi an yi shi ne don baƙon wuni ɗaya. Wanda ya ƙirƙiro shi bai yi tunanin mai sayen gida ba.

Aka sauke ni a shagon da ke jikin zaure, bango ɗaya tsakanina da ɗakinta. Aka jibge kayanmu a rumfa aka rufe da tamfol. Da dare aka kawo tuwon masara da miyar kuɓewa busasshiya, man shanu yana yawo a sama. Na gutsuri gefe na rufe. Na ce ai gobe Juma'a.

Ɗan abin da ya rage shi ne maƙwabci. Ba a sayar da gida a nan sai an yi wa na jikin katanga tayi, in ya ce ba ya so sannan baƙo ya saya. Wannan al'ada ce mai kyau, na yaba mata a gaban Larabawa da dama. Abin da ban sani ba shi ne maƙwabcin nan tsoho ne mai gyaran keke, duk garin an san ko ƙofar gidan ba zai iya saya ba, shi ma ya sani. Amma in ya ce ba ya so nan take, ya tona wa kansa asiri. Sai ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara da 'ya'yansa. Daga nan ya ce zai yi istihara. Kullum na wuce sai ya ɗago daga kan tayar da yake liƙi ya gaishe ni da fuskar mai kuɗin da ke tausayin abokin takara. Na ce wa dillali a je a tambaye shi mana. Ya kama baki, ya ce yaya za a matsa wa dattijo, sai ka ce ana zarginsa da babu. Sai da wata ya mutu wani ya tsaya, sannan mai keke ya aiko cewa ya duba, gidan ya yi masa kusa da nasa da yawa, ya bar wa Alhaji.

Na yi murna na tambayi mukulli. Dillali ya ce nan da Juma'a, sai dai a kira malam ya raba gado tukuna.

A nan na fahimci cewa hannun da aka miƙo mini a zaure hannun mutum ɗaya ne, gidan kuwa na magada ne, kuma ba a raba ba. Babban ɗan bai yi ƙarya ba. Ya sallama iya abin da yake nasa, wanda har lokacin ba wanda ya san ko zauren ne ko rijiyar. Malamin da ke raba gado, mutum mai natsuwa, ya ce ba zai buɗe baki ba sai kowane magaji yana zaune a kan tabarma. Akwai ƙane a Riruwai yana haƙar kuza. Wayarsa ba ta shiga, don ƙarƙashin ƙasa yake wuni.

Na hau mota da kaina. Muka wuce Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore, muka shiga duwatsun Doguwa, daga nan ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni bakin ramukan. A can na ji harsuna sun cakuɗe kamar a tashar jirgin ruwa, har na ɗan ji daɗi. Aka leƙa wani rami aka yi kira, saurayi ya fito fari fat da ƙasa, ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce shi ba shi da ta cewa, duk abin da manya suka yanke daidai ne, zai zo da zarar ramin ya ba shi dama, don yanzu ne jijiyar kuzar ta fara nunawa, in ya matsa wani zai shiga. Har na juya sai ya ce:

"Baba, ita Yaya ta Tudun Wada ta yarda ke nan?"

Ranar na fara jin akwai wata Yaya a Tudun Wada.

Ita ce babbarsu duka, tana aure can. Ba a gaya mata ba. A gidan suna ta ji wata mata tana cewa an sayar da gidan ubanta ga wani Alhaji mai jin Faransanci. Na biya ta wurinta a hanyar dawowa da ƙullin goro. Ta karɓe ni da mutunci, ta bayan labule, ta sa aka kawo mini fura, kuma wannan furar na shanye ta tas don ba gidan surukai ba ne. Ta ce ba ta da matsala da ni, ba ta ce a ƙara ko sisi ba, ba ta ma son gidan. Amma ita ta goyi yaron nan da ya sayar, ita ta yi masa wanki, in yana da magana ya san hanyar Tudun Wada. Da na kai wa babban ɗan saƙo sai ya sunkuyar da kai, ya ce zai je. Bai je ba. Ya san abin da ke jiransa: sai ta zaunar da shi ta fara daga ranar da aka yaye shi. Ya aika da matarsa, aka dawo da ita. Ya buga waya, ta ba jikarta ta ce Yaya na salla.

Na taɓa yin tafinta a rikicin wasu fatake biyu a kan shanun da suka ɓata tsakanin ƙasa da ƙasa, aka sasanta kafin shayi ya huce. Ga ni a garin matata, tsakanin mutum biyu da suka sha nono ɗaya, suke magana da harshe ɗaya, ba ni da abin da zan fassara.

Sai ruwa ya sauka. Duk wanda ya san ƙasar nan ya san in damina ta kama ba a zaman gado, ba a zaman komai. Babban ɗan ya tafi gonarsa ta wajen Yako, shaidu suka shiga masara, malam ma yana da tasa gonar. Dillali kaɗai ya rage a gindin darbejiya, shi ma ya sauya magana, ya ce in Allah ya kai mu kaka. Tamfol ɗin kayanmu ya fara yoyo, littattafaina suka kumbura, kaza ta yi ƙwai a cikin tukunyar matata.

Ni kuwa ina ramewa. Kwano yana zuwa safe da rana da dare, yana komawa da ɗan gurbi a gefe kamar ɓera ya taɓa. Matata ta yi roƙo, ta yi faɗa, ta ce wa zai gani. Na ce ba gani ba ne, ji ne. Inna tana jin ƙarar murfin kwano, tana sanin nauyinsa in an mayar. Shekara da shekaru tana faɗa wa mata cewa surukinta ko loma biyu ba ya yi a gidanta, ba zan rushe mata wannan ba da tsufana. Watan azumi ne kaɗai na yi daidai da kowa.

Dabarar da na samo ita ce Kwanar Dangora. In rana ta take sai in ce zan je duba wani aboki, in hau acaɓa, in sami rumfar mai shinkafa da wake can ciki, in juya wa titi baya. In na gama in biya wurin mai tsire. Na yi haka na tsawon lokaci ina ganin na fi kowa wayo. Na manta cewa duk motar da za ta shiga Kiru ta nan take bi. Wata jikar ƙawar Inna ta hango ni daga tagar bas, da tsinke a hannu, yaji a gemu. Kafin in iso gida labarin ya riga ni, har ya ƙara kiɓa a hanya: wai surukin gidan Inna yana bin tasha yana cin abinci saboda ba a ba shi.

Da la'asar ina zaune a shago sai na ji takun sandar Inna ya tsaya a zaure, daidai ƙofata. Ba ta taɓa zuwa nan ba. Na miƙe tsaye ni kaɗai a ɗaki, na rasa inda zan sa hannuna. Ta kira 'yarta, ta yi magana da ita da muryar da za ta ratsa bango.

"Ki gaya wa mutumin nan na ji. Kunyarsa ta isa, Allah ya yi masa albarka. Amma ni ba a taɓa cewa an kwana da yunwa a gidana ba. Tunda ba zai ci ina ciki ba, in an sauke tukunya ni zan fita. In ya ci ya ƙoshi a aiko a gaya mini."

Matata ta ce, "Inna, ina za ki da rana tsaka?"

"Gidan da ya saya mana. Ai na ji an ce akwai inuwa."

Washegari da azahar ta ɗauki sandarta da 'yar tabarma da carbi, ta taka a hankali har gidan mai mangwaro, ta yi sallama, ta shimfiɗa a gindin bishiyar. Matar babban ɗan ta fito a ruɗe ta durƙusa. Inna ta ce kada ta damu, ba wani abu ya kawo ta ba, surukinta ne ke cin abinci, ta ba shi wuri. Da magariba ta gabato ta sake dawowa, ta ce yanzu kuma tuwon dare ne.

Ba a korar tsohuwa, kuma ba a barin ta haka. Dole a kawo mata ruwa, a dama fura, a zuba mata abin da aka dafa, ita kuwa ba surukar kowa ba ce a gidan, tana ci sosai, har ta ce miyar ta ɗan yi gishiri. In babban ɗan ya dawo daga gona a gajiye, sai ya tarar da ita, ya cire takalmi ya durƙusa, ta tambaye shi gona, ta tambaye shi yara, ta yi wa mahaifinsa addu'a mai tsawo, ta ce mutumin kirki ne, bai taɓa barin magana a rataye ba. Daga nan ta tambayi lafiyar yayarsa ta Tudun Wada. Ba ta taɓa ambaton ciniki ba ko sau ɗaya. Matan unguwa suka gano inda take wuni, suka fara zuwa gaishe ta a can, kowacce da 'yar tabarmarta. Gindin mangwaro ya koma kamar gidan biki, duk wadda ta tambayi dalili Inna ta ba ta amsa ɗaya: mutumin nan ne ke cin abinci.

Ni kuma a shago ina zaune gaban kwano, gari duka ya san abin da nake yi a wannan lokacin. Ban taɓa cin tuwo mai wuyar haɗiya irin wannan ba. In na yi sauri a ce haɗama, in na yi jinkiri tsohuwa na zaune a gidan mutane saboda ni. Mai gyaran keke ya fara gaishe ni da "Alhaji, an ƙoshi?"

Ba a kai kaka ba. Wata safiya aka ga babban ɗan ya sa babbar riga ya hau babur ya nufi Tudun Wada. An ce tun hantsi yake durƙushe har aka kira la'asar, Yaya ta fara daga yaye kamar yadda ya zata, ta bi ta kan kaciyarsa da aurensa, sannan ta ce ya tashi Allah ya yi masa albarka, dama abin da take jira ke nan. Ita da kanta ta aika Riruwai, ba ta waya ba, ta bakin wani direba, cewa in ƙanin bai fito daga ramin nan ba za ta zo ta shiga ta fito da shi. Ya iso da ƙasa a kunne. Malam ya bar gonarsa ya zauna, ya raba, kowa ya san nasa, kowa ya sallama da bakinsa, mai unguwa ya shaida. Aka sake shafa fatiha, aka sake raba goro, ni na sake cewa na saya. Dillali ya miƙo mini mukulli yana murmushi, ya ce ai dama ya gaya mini ba wani abu ba ne. Na duba, ranar Talata ce.

Muka tare. Daren farko na zauna a tsakar gidana, a fili, na ci tuwo har na suɗe kwano, na ce a ƙaro. Matata tana dariya tana cewa a hankali, Alhaji, ba mai korar ka. Na yi kwanaki ina cin abinci a duk inda na ga dama, har a bakin rijiya, don kawai in tabbatar wa kaina.

Wasu masu shirin dawowa gida daga cikin abokan yawona sukan bugo su tambaye ni wata nawa sayen gida yake ɗauka a wajenmu. Nakan ce su fara tambayar 'ya'ya nawa marigayin ya bari, da wadda ba a gaya wa ba, kuma kada su sallami gidan haya sai sun kwana a sabon sun tashi. Ba sa ji. Ɗaya ya ce ai shi dillalinsa mai tsoron Allah ne. Na ce nawa ma haka.

Ana cikin ruwan ƙarshen damina sai bangon ɗakin Inna ya tsage, ƙasa ta fara zubowa. Ba a yi wata shawara ba. Da hantsi na ji takun sanda a zaurena, na leƙa na ga tabarma da carbi, a bayansu ɗan acaɓa da akwatin ƙarfe. Ta wuce kai tsaye gindin mangwaro, daidai inda ta saba, ta zauna. Ta ce wa 'yarta ta gaya wa mutumin nan kada ya takura, kwana biyu za ta yi kafin a gyara mata ɗaki, kuma dama ta saba da inuwar.

Na ɗauki kwanona na koma shago, na ja ƙofa. Yanzu muna da tsari: in an sauke tukunya sai ta yi tari sau ɗaya ta juya fuska wajen katanga, ni kuma in ɗaga murfin a hankali yadda ba zai yi ƙara ba. Kwanon yana komawa babu komai, ba ta cewa uffan, ni ma haka.

Na je na sami maginin da ke gyaran ɗakin nata. Na tarar ya zuba ƙasa a ƙofar gida ya tafi yankan shinkafa. Da na same shi a gona ya share gumi, ya gaishe ni da ladabi, ya ce in kwantar da hankalina, nan da Juma'a.